Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano: Ku Dubi Abin da Katun Ke Sayar wa 'Ya'yanmu

Zuwa ga Babban Sakatare da membobin Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta Jihar Kano,

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, kuna kuma fama da jama'a lafiya. Allah ya taya riƙo.

Ranka ya daɗe, ni malamin firamare ne a nan cikin birni, uba kuma. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani nau'in fim da ba kasafai ake jin sunansa a bakin hukuma ba, alhali da shi 'ya'yanmu suke kwana, da shi suke tashi. Katun nake nufi, zanen nan mai motsi da ake kunna wa yaro da zarar an kawo wuta, ko a miƙa masa waya ya yi shiru har uwarsa ta sauke tukunya.

Tun da aka kafa hukumar nan a 2001, an fi saninta da sa ido a kan rawa da waƙa da sutura a fina-finan Hausa. A 2023 kun bi kantuna kun kwashe wani littafin koyon karatu na yara da iyaye suka yi ƙorafi a kansa. A 2025 kun dakatar da fina-finai masu dogon zango guda 22 saboda ba a kawo muku su kun duba ba. Ba hukuncin waɗannan matakai na zo yi ba. Na kawo su ne don su nuna irin tambayar da idonku ya saba yi: akwai batsa a ciki? Akwai abin da ya saɓa wa addini ko al'ada? Tambayoyi ne da suka cancanta. Sai dai yawancin katun ɗin da yaranmu ke kallo za su ci wannan jarrabawa ba ko gargada. Motoci ne masu magana, 'yan kwikwiyo ne masu aikin ceto, gimbiya ce mai doguwar riga har ƙasa. Tambayar da za ta kama su daban ce: wa ya biya kuɗin yin wannan fim, kuma me yake so yaro ya je ya ja rigar ubansa a saya masa?

Bari in ɗan koma baya, don a ga cewa ba zargi nake yi ba, tsarin sana'ar ke nan kuma masu ita ba su ɓoye ba. Ɓeran nan Mickey Mouse ya fito a 1928. A shekarar da ta biyo baya wani ɗan kasuwa ya tari Walt Disney a New York ya ba shi dala 300 don a bar shi ya buga hoton ɓeran a bangon littafin rubutun 'yan makaranta. Da kayan makaranta aka fara, ba da wani abu ba. A 1933 agogon hannu mai hoton ɓeran ya shiga kasuwa. A wancan zamani dai fim ne ke gaba, kaya na biye da shi. A farkon shekarun 1980 sai aka juya abin. Kamfanin kayan wasa na Mattel ya fitar da ɗan mutum-mutumin He-Man a 1982, sannan a 1983 aka yi masa katun. Hasbro ya bi sahu da Transformers a 1984, shekarar da hukumar sadarwa ta Amurka, a zamanin mulkin Ronald Reagan, ta sassauta ƙa'idojin talla a talabijin. Iyaye da ƙungiyoyi a can suka yi ta kuka cewa an mayar da shirin rabin awa talla zalla. Sai a 1990 majalisarsu ta yi dokar da ta taƙaita talla a shirin yara zuwa minti 10 da rabi cikin awa ɗaya a ƙarshen mako, minti 12 a sauran ranaku. Dokar ta ƙidaya tallar da ake sakawa a tsakiyar shiri, amma ba ta hana a gina shirin kansa a kan kayan wasa ba. Ƙofar nan har yau a buɗe take.

Lissafin kuɗin shi ya fi kowane bayani. Fim ɗin Cars, na motoci masu magana, wanda Pixar ya fitar a 2006, ya tara kimanin dala miliyan 460 a gidajen silima. Kayan da aka sayar da sunansa kuwa, motocin wasa da jakunkuna da zannuwan gado da sauransu, sun kusa dala biliyan 10 cikin shekara biyar. Duk wanda ya taɓa riƙe shago ya san wanne ne ciniki, wanne ne allon talla. Frozen ya fito a ƙarshen 2013, kafin shekara ta zagayo Disney da kansa ya sanar cewa an sayar da rigunan gimbiyoyin fim ɗin fiye da miliyan 3 a Arewacin Amurka kaɗai. PAW Patrol kuwa, na 'yan kwikwiyon nan da yaran nazire suka haddace sunayensu, tun asali na Spin Master ne, wani kamfanin kayan wasa da ke Toronto a Kanada, wanda ya fara shi a 2013. Kowane kwikwiyo da motarsa, kowane sabon zango da sababbin motoci. In an tambayi dalili sai a ce labari ne ya buƙata. Wanda ke biyan kuɗin motar ya san ba haka ba ne.

Akwai misali ɗaya da yake ba ni dariya, yake kuma ba ni takaici. Na sha jin iyaye suna ƙorafi a kan Peppa Pig cewa alade ce, bai kamata yaron Musulmi ya shaƙu da ita ba. To, haka ne, kowa da abin da ransa bai ɗauka ba. Amma ban taɓa jin wanda ya ce komai a kan cewa a 2019 Hasbro ya sayi kamfanin da ya mallake ta a kan kusan dala biliyan 4 ba. Kamfanin kayan wasa ba ya zuba irin wannan kuɗi don son tatsuniya. Da za a mayar da aladen nan tunkiya gobe, ƙorafinmu zai ƙare, cinikinsu kuma ko gezau.

Dubi hanyar da abin ke bi kafin ya iso soron gidanmu. A rubuta labari a Kalifoniya ko Landan. Wani ɓangare na zanen a kai shi Koriya ta Kudu ko Filifin ko Indiya, inda ladan aiki ya fi sauƙi. A ɗora masa muryar Larabci a sa shi a MBC3 ko Spacetoon, mu kama shi kyauta da kwandon tauraron ɗan'adam da ke bisa rufi. Mai hali ya biya DStv ko GOtv ko StarTimes ya same shi da Turanci. Mara hali ya kai wayarsa shagon masu turi a cika masa. Can kuma a Sin, a gundumar Chenghai ta birnin Shantou da aka sani da ƙera kayan wasa, da babbar kasuwar Yiwu, ana cika kwantena da jaka da gorar ruwa da agogon roba masu ɗauke da fuskokin da yaron ya gani jiya da daddare. Su sauka Legas, su hau tirela, su iso Sabon Gari. Biskit da alewa masu irin wannan hoton kuma su sauka kasuwar Singa. A duk tsawon wannan tafiya, wuri ɗaya ne kawai Bahaushe ya shigo: wurin ciro kuɗi daga aljihu, sai ɗan abin da ɗan kasuwa ya samu na riba a tsakani.

A makon farko na komawa makaranta ina so wani daga cikinku ya zo ya tsaya bakin ƙofar kowace firamare ya kalli bayan yara. Jakunkuna sababbi fil, shuɗi da ja na maza, ruwan hoda na mata, kamar an yi doka. Ka ɗauki ɗaya ka duba da kyau. Fuskar gimbiyar ta ɗan karkace don injin bai buga daidai ba, sunan fim ɗin an rubuta shi da kuskuren harafi, robar gaban tana warin fenti. Kafin hutun tsakiyar zango zif ya mutu, hannu ɗaya ya tsinke an ɗaure shi da zare, fuskar ta fara ɓarewa. Zango mai zuwa kuma wani jarumin ake yayi, ko da jakar ta rayu yaron ba zai yarda ya sake goya ta ba.

Wannan ɓarnar kuɗi ce, ana iya jure ta. Abin da ya fi ci mini rai yana faruwa ne lokacin tara. Yara su fito da gorar ruwa da kwanon abinci su jera a benci, sai ka ji ana tantancewa: wannan na gaske ne, wannan jabu ne, wannan tsohon yayi ne. Akwai wata yarinya, mahaifinta leburanci yake yi, da jakar buhu take zuwa, wadda uwarta ta ɗinka mata da kyau har da maɓalli. Kullum sai ta tura ta can ƙarƙashin benci ta ɗora ƙafa a kanta, ba ta ciro littafi sai ta ga idon kowa na allo. Yarinyar tana cikin masu ƙoƙarin ajin. Ba wanda ya zage ta, ba wanda ya dake ta. Ta dai gane da kanta cewa akwai wata ƙungiya da ba a shigarta sai da kuɗi. Talauci ba baƙo ba ne a makarantunmu, an yi zamanin akwatin ƙarfe da zamanin da ake ɗaure littafi da roba. Sabon abu shi ne yanzu ma'aunin daga waje ake aiko shi, kuma ana canza shi duk shekara.

Haka abin yake da Sallah. Da, kayan Sallar yaro ɗinki ne da takalmi da hula, in an samu sarari a ƙara da agogo da tabarau. Yanzu takalmin sai mai hoton wane, tabarau sai irin na wane. Ga kuma bikin bazday da ya shigo makarantun kuɗi, a kawo kek mai fuskar jarumi a raba wa 'yan aji 'yar jakar tsaraba, yaron da ya karɓa ya koma gida yana lissafin watan da nasa zai zo. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan naira 70,000 ne tun 2024, ga wanda ma ake biya. Ku yi lissafin uba mai 'ya'ya biyar.

Gaskiya ɗaya da ya kamata a faɗa: mafi yawan waɗannan kaya da ke kasuwanninmu ba su da lasisin kamfanonin da suka mallaki hotunan, don haka ba lalle ko kwabo ya isa hannun Disney ba. Wani zai ce to ai mun ci bulus. Ban ga bulus ba. Kuɗin dai ya fita ƙasar, da dala aka sayo kayan. Badukun Kurmi da ya iya ɗinka jakar da za ta yi shekara biyar yana zaune, don fatarsa ba ta da fuskar kowa. Mun ga yadda masaƙun Kaduna suka rufe ɗaya bayan ɗaya, KTL a 2002, UNTL a 2007, muka koma sayen atamfar da aka buga a Sin. Abin da ya faru da suturar iyaye shi ke faruwa da sha'awar 'ya'ya, sai dai wannan karon tun suna shekara uku aka fara.

Muna da dillaliya a al'adarmu, mai shiga gida-gida da ƙullin kaya. An san ta, tana sallama, da manya take ciniki, in maigida bai yarda da ita ba ya hana ta shigowa. Wannan dillaliyar ta katun kuwa ba ta sallama, ba ta kula manya, kai tsaye wurin yara take nufa, kuma mu da kanmu muke shimfiɗa mata tabarma. Yaron bai ma san ciniki ake yi da shi ba. A 2004 wani kwamiti na ƙungiyar masana halayyar ɗan'adam ta Amurka ya bayyana cewa yaran da ba su kai shekara 8 ba ba sa iya gane cewa manufar talla ita ce a sa su saya. A 2010 masu bincike a jami'ar Yale suka ba yara 'yan shekara 4 zuwa 6 abin ciye-ciye iri ɗaya a fakiti biyu, ɗaya da hoton jarumin katun ɗaya babu. Yaran suka fi zaɓar mai hoton, har suna cewa ya fi daɗi. Duk uwar da ta taɓa shiga kanti da yaro ba ta buƙatar jami'a ta gaya mata wannan.

Kamfanonin abinci sun fi mu sanin haka. A nan gida ma kamfanin taliyar Indomie ya ƙirƙiri nasa jaruman katun da ake kira Indomitables. Ban ce sun karya wata doka ba. Abin da nake cewa shi ne wasu ƙasashe sun ga irin wannan sun ja layi. Lardin Kubek na Kanada ya hana tallar da ke nufar yara 'yan ƙasa da shekara 13 tun 1980, wani kamfanin kayan wasa ya kai ƙara, Kotun Ƙolin ƙasar ta tabbatar da dokar a 1989. Suwidin ta hana tallar talabijin da ke nufar 'yan ƙasa da shekara 12 tun 1991. Chile kuwa a 2016 ta fara aiki da dokar da ta cire hotunan katun daga fakitin abincin da sukari ko gishiri ko kitse ya yi wa yawa. Ba ɗayansu da ta hana yara kallon katun. Hannun ɗan kasuwa suka riƙe.

Kada kuma a ruɗe mu da cewa fina-finan da kansu suna yi wa yara wa'azi a kan kwaɗayi. Suna yi, kuma wani lokaci da kyau ƙwarai. WALL-E na 2008 ya nuna duniyar da shara ta binne saboda wani katafaren kamfani ya koya wa mutane saye ba ƙaƙƙautawa, sannan aka cika kantuna da ɗan mutum-mutumin jarumin na roba. The Lorax na 2012 labarin wani ne da ya sare itatuwa kaf don ya sayar da abin da ba wanda ke buƙata. Da fim ɗin zai fito, aka haɗa shi da abokan talla kusan 70, ciki har da kamfanin Mazda da ya yi amfani da jarumin wajen tallar mota. Wa'azin ma ya zama haja. In mai tace fim ya tsaya ga saƙon da ke cikin labari kawai, zai ba irin wannan lambar yabo.

Waya ta ƙara dagula lissafi. A talabijin akwai lokacin da shiri ke ƙarewa. A YouTube wani na ƙarewa wani ke farawa, kuma a tsakani akwai bidiyon da ba komai a cikinsa sai hannu yana buɗe kwalin kayan wasa, yara kuma su yi tsit suna kallo. A 2019 hukumomin Amurka suka ci Google da YouTube tarar dala miliyan 170 saboda tattara bayanan yara ba da izinin iyaye ba don a aika musu talla.

Akwai kuma ɗaya gefen cinikin, wanda ya shafi ɓangaren ɗab'i na aikinku. Kasuwar nan kullum yunwar sabon labari take ji, kuma ta juyo Afirka. Solomon Linda, wani mawaƙin Zulu a Afirka ta Kudu, ya naɗi waƙarsa a 1939, ya rasu a 1962 cikin talauci. Waƙar ta zaga duniya da wani suna har ta shiga The Lion King a 1994, iyalinsa kuwa sai da suka kai ƙara kafin a sasanta da su a 2006. Kalmomin Suwahili biyu da suka shahara a fim ɗin ma Disney ya yi musu rajistar tambarin kasuwanci a Amurka don bugawa a riguna, abin da ya tayar da ƙura a 2018. A 2024 Disney ya fitar da Iwájú, labarin Legas, tare da wasu matasa 'yan Afirka na kamfanin Kugali. Ina taya su murna. Amma duk wanda ya ga haka ya san ba da jimawa ba wani zai gano Gizo da Ƙoƙi, ko Bayajida da rijiyar Kusugu, ko Sarauniya Amina, ko hawan Sallar Kano da UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a 2024. In ba mu riga shi ba, ranar tana zuwa da za mu sayi jaka mai hoton Gizo a Sabon Gari, an zana shi a wata ƙasa, an ɗinka ta a wata, haƙƙin mallakar zanen kuma na wani ne.

Abin mamaki, an daɗe da yi mana wannan gargaɗi, kuma daga maƙwabta. Moustapha Alassane na Nijar, wanda aka haifa a 1942 ya rasu a 2015, yana cikin waɗanda suka fara yin katun a Afirka, kuma ya daɗe yana zaune a Tahoua. A 1966 ya yi ɗan gajeren katun a kan wani shugaban ƙasar kwaɗi da ya tafi ziyarar aiki, yana yi wa sababbin shugabanninmu shaguɓe. A shekarar kuma ya yi wani fim na mutane a kan saurayin da ya dawo daga ƙasar waje da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa. Suna sa hula da takalmi da bindiga sai suka canza sunaye, suka fara yi wa ƙauye irin ta'asar da suka gani a majigi. Mutumin ya ga alaƙar fim da kaya da ɗabi'a tun shekaru kusan sittin da suka wuce, kuma da hannu yake zane, ba kwamfuta. Yara nawa ne a Kano suka taɓa jin sunansa?

Ranka ya daɗe, ba haramci nake nema ba. Na san da an ji wasiƙa irin wannan abin da wasu za su fara kira ke nan, kuma shi ne mafi sauƙin sanarwa a rediyo. Ba zai yi aiki ba, don hukumarku ba ta da iko a kan tauraron ɗan'adam ko intanet, ƙarshenta a kan mai shagon turi da mai tallar jaka a baro abin zai ƙare, su kuwa abincinsu suke nema. Kuma a faɗi gaskiya, katun yana da amfaninsa. Na ga yaran da suka tsinci Turanci da Larabci mai kyau daga gare shi, na ga waɗanda suka koyi ƙirga da haruffa. Uwar da ke fama da wanki da girki da goyo ba ta aikata laifi ba don ta kunna wa yaro abin da zai zaunar da shi.

Abin da ke hannunku shi nake roƙo. Duk shirin yara da aka yi a jihar nan, ko katun ɗin waje da aka ɗora wa muryar Hausa don sayarwa, in ya zo gabanku ku ƙara layi a takardar dubawa: wa ya ɗauki nauyi, kuma akwai haja a cikin labarin? In akwai, a rubuta a fuskar allo, a kuma faɗa da baki da Hausa, tunda masu kallon ba su iya karatu ba tukuna. Mai ɗaukar nauyi a ambace shi a farko da ƙarshe, ba laifi, sai da kuɗi ake yin fim. Amma kada a yarda a sa kwalin madara ko fakitin alewa a hannun jarumi a tsakiyar labari. Ina jaddada wannan ne don na ga yadda talla ta riga ta shige cikin fina-finanmu masu dogon zango, a tsayar da labari cak a yi tallar magani ko fili. In aka fara yin katun na Hausa da yawa a kan wannan turba, mun canza harshen talla ne kawai.

Abin da ya fi ƙarfinku kuma kuna da bakin faɗarsa. Hukumar NBC ce ke kula da tashoshi, ARCON ke kula da talla, NAFDAC ke kula da fakitin abinci. ARCON ta iya hana amfani da fuskoki da muryoyin baƙi a tallace-tallacen ƙasar nan tun Oktoban 2022, don kare sana'ar 'yan gida. Wadda ta iya wannan za ta iya sa ƙa'ida a kan hoton katun a jikin kayan zaƙi. Wasiƙa daga hukumar jihar da ta fi kowace yawan jama'a a Arewa ba za a jefa ta kwandon shara ba kamar tawa. A nan gida kuma ku zauna da Ma'aikatar Ilimi da SUBEB, hukumar ilimin firamare ta jiha, a kan kamfanonin da ke shiga makarantu da mutum cikin rigar jarumin katun, a tara yara a fili a raba musu kyauta da sunan gasa. Yaro ya ɗauka duk abin da aka kawo masa a harabar makaranta malaminsa ya amince da shi. Bai kamata a sayar da wannan amana ba, ko da kuwa kamfanin zai yi wa aji fenti.

Na ƙarshe shi ne masu zane. Akwai matasa a garin nan da ke haɗa katun da tsohuwar kwamfuta, wasu ma da waya, suna sakawa a intanet. Aikin yana cin lokaci, minti ɗaya yakan cinye kwanaki, kuma ba ya dawo da kuɗi da wuri. In kuka auna su da ma'aunin furodusan da ke da jari, kuka ɗora musu kuɗin rajista da na dubawa iri ɗaya, za su daina ko su ɓuya. Ku ware musu aji nasu, ku sauƙaƙa kuɗin, ku nuna musu yadda ake rajistar haƙƙin mallaka, ku nema musu fili a ARTV, gidan talabijin na jiha, da yamma lokacin da yara suka dawo daga Islamiyya. An yi irin wannan a baya: NTA ta fara Tales by Moonlight a 1984 yara suka riƙa jiransa, an yi Dandalin Sesame da Hausa, Adamu Waziri ya yi Bino and Fino daga Abuja, Ubongo na Tanzaniya ya nuna cewa katun na ilimi da aka yi a Afirka yana samun masu kallo. Ba gwaninta muka rasa ba. Yaro ba ruwansa da kishin al'ada, abin da ya fi daɗin kallo shi zai kalla, don haka sai namu ya yi kyau, kuma ba zai yi kyau ba sai an bar masu yin sa sun yi ta yi har hannunsu ya faɗa.

Ina roƙon ku kira zama a kan wannan batu kafin komawa makaranta ta gaba, ku gayyaci malaman firamare da ƙungiyoyin iyaye da masu zanen katun da shugabannin 'yan kasuwar kayan yara. Ku sa zaman a ranar Asabar don malamai su samu zuwa, ku kuma tabbatar an gayyaci mata, tunda su ne ke gida lokacin da ake kunna talabijin.

Allah ya yi jagora, ya shirya mana zuri'a.

Wassalam.

Naku,
Wani malamin firamare a birnin Kano